Wa zan ba aikin gina shafin kasuwancina? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan kasuwa suka fi yi idan sun yanke shawarar buɗe shafin intanet, tun daga mai shagon atamfa a Kantin Kwari har mai makarantar kuɗi a Kaduna. Yawanci da farashi ake farawa. A nan an bar shi sai can tsakiya, domin akwai abubuwan da suka fi shi saurin sa mutum kuka.

Ina da Facebook da Instagram da WhatsApp, kuma ciniki na tafiya. Dole ne sai na yi shafi?

Ba dole ba ne. Idan kayanka na ƙarewa ta sitatus ɗin WhatsApp, kwastomominka kuma duk sun san lambarka, kada wani ya tsorata ka da cewa an bar ka a baya. Ka yi rajistar shagonka a Google Business Profile, kyauta ne, mai nema zai ga inda kake a taswira da lokacin da kake buɗewa. Wannan ya ishi masu shago da yawa.

Sai dai ka sani waɗannan dandali ba naka ba ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yuni har Janairun 2022. Ban da wannan, kullum ana rufe wa mutane asusu ko a yi musu kutse, mabiyan da aka daɗe ana tarawa su tafi a dare ɗaya.

Masu buƙatar shafi da gaske su ne waɗanda baƙo zai bincika kafin ya amince da su: makaranta, asibiti, otal, kamfanin gini mai neman kwangila, da masu fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau zuwa ƙasashen waje. Mai saye daga Turkiyya ko Mekziko ba zai tura kuɗin kwantena ga wanda bai ga komai nasa ba sai lambar waya.

In ba wa mutum ɗaya aikin ne, ko in nemi kamfani mai ma'aikata?

Girman aikin ne zai faɗa maka. Shafi mai fuska biyar ko shida, wanda ke nuna wane ne kai, me kake sayarwa, ina za a same ka, mutum ɗaya da ya san aikinsa zai gama shi lafiya lau, kuma da sauƙin kuɗi. Matsalarsa guda ce: idan ya yi rashin lafiya, ko ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, aikinka ya tsaya. Kamfani ya fi tsada, amma akwai wanda zai ɗauki waya idan wani ba ya nan. Shafin da zai riƙa karɓar kuɗin makaranta ko ajiye bayanan marasa lafiya bai kamata ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba.

Kada ofis mai sanyi da manyan kujeru su ruɗe ka. Wasu kamfanonin karɓar aikin kawai suke yi, su miƙa wa wani yaro a waje, su ci riba a tsakani. Ka tambaya kai tsaye: wa zai yi aikin da hannunsa, kuma zan iya zama da shi?

Ɗan yayana ya karanta kwamfuta, ya ce zai yi mini kyauta. In ba shi?

Ka ba shi idan ya iya, amma ka biya shi, ko da kaɗan ne, kuma ku rubuta abin da zai yi da ranar gamawa. Aikin kyauta ba a iya yi masa faɗa. Wata uku za su wuce kana jin nauyin tambaya, shi kuma yana jin nauyin ce maka abin ya fi ƙarfinsa, ƙarshenta zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ni ban san komai a harkar ba. Ta yaya zan gane wanda ya iya?

Gani ya kori ji. Kada ka karɓi hotunan aikin da ya ce ya yi, domin kowa na iya ɗauko hoto. Ka ce ya ba ka adireshin shafuka uku da ya gina, waɗanda ke aiki yanzu. Sannan ka gwada su yadda kwastomanka zai gwada: ba a kwamfutarsa ba, ba a ofishinsa mai intanet mai ƙarfi ba. Ɗauki wayar yaron shagonka, Tecno ko itel ɗin nan da gilashinta ya tsage, ka tsaya a cikin kasuwa da rana tsaka lokacin da sabis ke jan ƙafa, ka buɗe. Ka lura da daɗewar da ya yi kafin ya fito. Rubutun na karantuwa ba tare da ka buɗa shi da yatsu biyu ba? Idan ka taɓa lambar waya, kira na tafiya? Maɓallin WhatsApp na kai ka inda ya dace? Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara lura da abin da ke cinye musu data, kuma shafi mai manyan hotuna da bidiyon da ke kunna kansa ba ya samun baƙo sau biyu.

Akwai kuma PageSpeed Insights na Google. Ka sa adireshin shafin, zai ba shi maki kan sauri, kyauta. Ka dubi sakamakon waya, ba na kwamfuta ba.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane ke tsallakewa: ka kira masu shafukan. Lambarsu na nan a kan shafin. Kada ka tsaya kan ko aikin ya yi kyau, ka riga ka gani da idonka. Ka tambaye su ko ya gama a kan lokaci, ko kuɗin ya ƙaru a hanya, ko yana ɗaukar waya bayan an gama biyansa. Idan kamfani ne, ka nemi lambar rajistarsa ka duba a shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista.

Alama ta ƙarshe tana fitowa ne a zaman farko. Gwani tambayoyi yake yi: su wa ke saye a wurinka, me suka fi tambaya, wa zai riƙa amsa saƙo, kana kai kaya wasu garuruwa? Wanda ya yanka maka farashi kafin ya san abin da kake sayarwa, zubi ɗaya gare shi da yake canza wa suna da launi.

Da sunan wa za a yi rajistar shafin?

Da sunanka. Idan ba za ka riƙe komai daga wannan bayani ba, ka riƙe wannan.

Shafi abu uku ne a haɗe. Akwai sunansa, wato domen, adireshin da ake rubutawa a same ka. Akwai masaukinsa, wato hostin, kwamfutar da ke ajiye shafin dare da rana. Sai kuma shi kansa ginin: rubutu, hotuna da tsari. Biyun farko haya ake yi, ana sabuntawa duk shekara, kuma wanda asusun ke hannunsa shi ne mai iko. Abin da ya fi faruwa shi ne mai gini ya ce, "Alhaji, bar wannan a hannuna, zan yi komai," ya yi rajista da imel ɗinsa da lambarsa. Sau da yawa ba da mugun nufi ba ne, sauƙi yake nema. Amma daidai yake da ka sayi fili, ka bar magini ya sa sunansa a takardar. Muddin kuna shiri ba za ka ga illar ba. Ranar da kuka saɓa, ko ya canza layi, ko Allah ya yi masa rasuwa, sunan da ka buga a allon shago da leda da katin kasuwanci ya fita daga hannunka, tare da duk imel ɗin kamfani da ke ƙarƙashinsa.

Maganin ba shi da wuya. Ku zauna tare ranar rajista. Ya buɗe shafin kamfanin da ke sayar da sunan, kai ka sa imel ɗinka, lambar tabbatarwa ta shigo wayarka, ka zaɓi kalmar sirri da kanka, ka biya da katinka. Bai fi rabin awa ba. Bayan nan ka ba shi izinin shiga ya yi aikinsa. Haka za a yi wa masauki, da asusun karɓar kuɗi, da asusun Google da ke nuna maka yawan masu ziyara. Imel ɗin da za ka yi amfani da shi ya zama wanda kake buɗewa, domin nan gargaɗin ƙarewar haya zai riƙa zuwa.

Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba, wani ma shi zai fara kawo maganar. Wanda ya fara kame-kame, ya ce tsarinsu bai yarda ba, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Wanne ya fi: .com ko .ng?

Idan kwastomominka na gida ne, .com.ng ko .ng ya wadatar. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun kamfanonin da ta tantance, da naira, kuma .com.ng ya fi araha. Masu kasuwa da ƙasashen waje sukan fi son .com. Idan sunan naka na nan a duka biyun kuma da hali, ka kama su, a juya ɗaya ya riƙa kai mutane ga ɗayan. Na Nijar .ne ne, na Gana .gh. Abin da ya fi wutsiyar muhimmanci shi ne sunan ya zama gajere, wanda za ka faɗa a waya a rubuta daidai ba sai ka maimaita ba.

To, nawa ne kuɗin aikin?

Babu farashi ɗaya, kuma duk adadin da aka rubuta yau zai tsufa kafin baɗi. Abin da zai amfane ka shi ne ka sa a rarraba maka kuɗin gida biyu: na biya sau ɗaya, da na kowace shekara.

Na sau ɗaya shi ne tsarawa, ginawa, rubutu, ɗaukar hoto da koya maka amfani da shi. Na shekara-shekara shi ne sunan shafi, masauki, imel na kamfani, lasisin wasu manhajoji da kuɗin kulawa. A nan ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi: a sauke farashin farko ƙasa, shekara na zagayowa a kawo takardar da ba ka taɓa jin labarinta ba. Ka tambayi wanne ake biya da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Waɗanda masaukin shafinsu ke ƙasar waje sun ga kuɗin hayarsu ya ninka har sau uku ba tare da an ƙara musu komai ba.

Ka karɓi farashi daga mutum uku a kan bayani iri ɗaya. Idan ɗaya ya faɗo ƙasa warwas, akwai abin da ya cire, ko kuma manhajojin sata zai sa maka, irin waɗanda aka fasa aka raba kyauta. Ba sa karɓar gyara daga masu su, kuma sau da yawa ta cikinsu masu kutse ke shigowa. Araha ba ta ado.

Wani abu kuma: kwaɗon tsaro da ke sa adireshi ya fara da https. Tun Yulin 2018 Chrome, manhajar Google ta buɗe shafuka, ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, don haka dole ne a sa. Amma wata cibiya mai suna Let's Encrypt na ba da shi kyauta, kuma yawancin masu masauki sun haɗa shi a cikin haya. Kada a caje ka kuɗi mai nauyi a kansa.

Yaya zan biya? Ya ce in ba shi duka kafin ya fara.

A'a. Kafin alƙalami hakkinsa ne, domin shi ma an sha cinye masa guminsa. Ku raba uku: kaso na farko a fara, na biyu idan ka ga tsarin ka amince, ciko kuma ranar da shafin ya hau intanet aka miƙa maka dukkan kalmomin sirri. Ka biya ta banki, kada ka ba da tsaba babu rasit.

Me ya kamata yarjejeniyarmu ta ƙunsa?

Ba sai ta yi tsawo ba, fuska biyu sun isa ƙaramin aiki. A rubuta yawan fuskokin shafin da abin da kowace za ta yi, ranar gamawa, sau nawa za ka iya neman a canza tsari kafin a fara cajin ƙari, da tsawon lokacin da zai gyara kurakurai kyauta bayan miƙawa. A rubuta cewa idan ka gama biya, ginin da abin da ke cikinsa sun zama naka, domin a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce yake tabbata.

A kuma rubuta wa zai kawo rubutu da hotuna. Nan ne ayyuka suka fi maƙalewa, kuma gaskiya laifin ya fi yawa a wajen masu kasuwar. Mai gini ya gama nasa cikin mako uku, ya zauna wata biyu yana jiran a turo masa jerin kaya da farashi, sannan a ce shi ne mai jan aiki. Ka shirya naka tun kafin a fara. Hotunan su zama na kayanka da shagonka da ma'aikatanka. Makarantar da ke Zariya amma shafinta cike da hotunan yaran Turawa da aka kwaso a intanet, iyaye na gani sun san akwai ƙarya a ciki.

Ya ce da WordPress zai yi. Wani kuma ya ce wannan aikin rago ne, gara a rubuta daga tushe. Wa ke da gaskiya?

Ga yawancin 'yan kasuwa, na farkon. WordPress, manhajar gina shafi da aka riga aka tsara, na nan tun 2003, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Amfaninsa gare ka shi ne masu iya shi suna da yawa: idan kun rabu da wannan, gobe za ka samu wani a Kano ko Jos ya ci gaba. Kana kuma iya canza farashi ko sa sabon hoto da kanka. Idan kanti ne ana ƙara masa WooCommerce, manhajar da ke ba shi damar sayar da kaya. Sharaɗinsa a riƙa sabunta shi, in ba haka ba ya zama abincin masu kutse.

Rubutawa daga tushe na da wurinsa, idan aikin naka na musamman ne, kamar tsarin bin sawun motocin kaya ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. A nan ka tabbatar an ba ka kwafin rubutun manhajar, an kuma yi bayaninsa yadda wani zai iya ɗorawa. Dandalin gina shafi irin su Shopify da Wix kuwa haya ce ta wata-wata, suna da sauƙi, amma ba a kwashe ginin a koma da shi wani wuri.

Ina sayar da turaruka da atamfofi daga gida. Ta yaya za a riƙa biyana ta shafin?

Hajiya, ba mai ginin ne zai karɓar miki kuɗi ba. Akwai kamfanonin da wannan ne aikinsu, irin su Paystack da Flutterwave da Monnify. Ke za ki buɗe asusun da takardunki, a haɗa shi da asusun bankinki, shi kuma ya jona shi da shafin. Suna cire wani kaso a kowane ciniki, ki duba jadawalinsu ki sa shi a lissafinki. Rajista da CAC na ƙara miki sakewa a wajensu. Kada ki yarda kuɗin kwastoma ya fara sauka a asusun wani kafin ya zo gare ki, ko wane ne shi.

Ki tabbatar an bar hanyar tiransifa ta banki, domin mutanenmu da yawa ba sa son sa lambar kati a intanet. A kuma bar maɓallin WhatsApp a fili. Mai sayen leshi za ta so ta ga bidiyonsa a hasken rana, ta yi tayi, kafin ta biya. Kafin ki ba da ciko, ki sayi ƙaramin abu da kanki a shafin, ki ga alat ya shigo.

Da Hausa zan yi ko da Turanci?

Da harshen da ake ciniki da kai. Mai sayar da taki da irin shuka ga manoman Jigawa da Maraɗi, Hausa ce za ta yi masa aiki. Mai fitar da kaya waje, Turanci. Da yawa na buƙatar duka biyun, masu hulɗa da Nijar kuma wani lokaci har da Faransanci.

Idan da Hausa ne, abu biyu. Na farko, mutum ya rubuta, kada a zuba Turanci a injin fassara a kwafo. Mai karatu na ganewa tun layin farko. Na biyu, ka sa a gwada maka haruffan ɓ da ɗ da ƙ a salon rubutun da aka zaɓa. Salo da yawa ba su da su, sai ka ga harafin ya fito a wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati. Rubutun Nijar na amfani da ƴ inda na Najeriya ke sa 'y, shi ma a duba shi.

Ya yi mini alkawarin zan zama na ɗaya a Google.

Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbaci. Abin da mai gini zai iya shi ne ya sa shafin ya yi sauri, ya dace da waya, kowace fuska ta sami take mai ma'ana, ya kuma haɗa shi da Google Search Console, mai nuna yadda shafin ke fitowa a binciken Google, da sunanka. Sauran na zuwa ne a hankali.

Akwai wata doka da ta shafe ni?

Akwai. Da zarar shafinka na karɓar suna, lambar waya ko adireshin mutane, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka, kuma NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, ce ke sa ido. Ka gaya wa mutane abin da kake karɓa da dalili, kada ka karɓi fiye da buƙata, kada ka ba wani ba da izininsu ba. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, doka ta ba da awa 72 a sanar da hukumar. Alhakin na mai kasuwar ne, don haka ka tambayi mai ginin wa da wa ke iya ganin bayanan. Makarantu da asibitoci su nemi shawarar lauya tun farko.

Bayan an gama, shi ke nan?

Ina! Akwai sabunta manhajoji, ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam don ranar tsautsayi, da biyan haya kafin ta ƙare. Ko ka ɗauke shi aikin kulawa da kuɗin da aka yanka a rubuce, ko ya koya wa wani a cikin ma'aikatanka. Ka ce a nuna maka yadda ake dawo da shafin daga kwafin, ko sau ɗaya ne, a gabanka. Ranar ƙarewar sunan shafin kuma ka sa ta a kalandar wayarka da wata guda kafin lokaci.

Na riga na faɗa. Mai ginin ya daina ɗaukar waya, komai kuma yana hannunsa. Ina mafita?

Ka fara da lalama. Ka nemi wanda ya haɗa ku, ko wani babba da yake jin nauyinsa, a roƙe shi abu biyu kawai: lambar sirrin da ake mayar da sunan shafin zuwa wani asusu da ita, da kwafin shafin. Idan akwai cikon da yake bin ka, ka biya. Ya fi arha a kan shari'a.

Idan hakan bai yiwu ba, ka sa wani masani ya duba WHOIS, kundin rajistar sunayen shafuka, ya gano kamfanin da aka yi rajistar sunan a wurinsa da ranar ƙarewarsa. Ka rubuta musu, ka haɗa da takardar CAC da shaidar biyan kuɗi da saƙonnin da kuka yi da shi. Idan sunan .ng ne, NiRA na da tsarin sauraron irin wannan taƙaddama. Kada ka zauna jiran sunan ya mutu don ka sake kama shi: na .com kan shiga wani zango na kwana 30 da mai rajistar farko kaɗai ke iya fanso shi, da kuɗi mai yawa, kuma da ya fito fili akwai masu dakon irin waɗannan sunaye su kama su sayar maka da tsada.

Kana cikin wannan, ka kwafe duk rubutu da hotunan da ke kan shafin tun yana buɗewa. Idan ta kama a sake sabon suna, ka sanar da kwastomomi ta WhatsApp da Facebook, ka canza imel ɗin da ke jikin asusun bankinka da na karɓar kuɗi kafin tsohon ya mutu, sannan a yi sabuwar rajistar kana zaune, da imel ɗinka.